Zangarniyar da Na Ba Zabi

Duk shekara idan gero ya fara fitar da kai, wani malamin makarantar koyon aikin gona yakan kwaso ɗalibansa a mota ya kawo su gonata a Karofi, wai su ga tsohon hannu. Sukan sauko da fararen takalma, kowa da waya a hannu, su ɗauki hoton zangarniya, su ɗauki hotona, sannan wani ya ce, "Baba, ai zaɓen iri ba wani abu ba ne. Ka duba babba ka yanke." Ba na jin haushi, don ni ma da wannan ilimin na shiga aikin, kuma shi ne ya jawo mini kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Sai in ce su nemi inuwa su zauna, in ɗauko musu labarin daga tushe.

Sunana Haruna. Na shiga aikin gonar gwaji bayan babban farin nan na farkon shekarun saba'in, ina saurayi, ba ni da komai sai takardar firamare da keken aro. Gonar tana bakin hanya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, an kewaye ta da waya, akwai ɗaki ɗaya na kwano da rijiya da wani tsohon gawo. Shugaban wurin shi ne Dokta Istifanus, Kirista daga kudancin Zariya, dogo siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Da mutane suka ji ana ce masa Dokta sai suka fara zuwa da ciwon ciki da ciwon baya. Ya yi ta bayanin cewa shi ba ya duba kowa sai tsiro, har ya gaji, daga nan aka laƙaba masa Likitan Gero, sunan kuma ya bi shi.

Aikin farko da ya ba ni shi ne rubuta lamba a jikin turaku. Na zaro birona sabo fil ina taƙama, sai ya karɓe ya jefa a aljihunsa, ya miƙo mini guntun fensir. Ya ce, "Malam Haruna, tawada in ta ga ruwa gudu take yi. Fensir yana tsayawa." Tun daga ranar ban ƙara rubuta abin gona da biro ba. Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini: turaku, zare, wuƙa, ɗan ƙaramin sikeli, ma'aunin ruwan sama da muke leƙawa kowace safiya, littafi mai baƙin bango, sai jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa da ba su ƙirguwa. Gara tana cin turke har da lambarsa, shi ya sa duk abin da aka rubuta a turke sai an zana shi a littafi, layi bayan layi.

Sa wa gero hula shi ne aikin da ya fi cin rai. Gero ba ya zama a gidansu. Iska ce ke ɗaukar bununi daga wannan zangarniya ta kai wa waccan, ko ta ɗauko daga gonar maƙwabci, don haka ƙwayar da ka shuka ka san uwarta amma ba ka san ubanta ba. In kana son dangi guda wanda ba gauraye, sai ka rufe zangarniya da jakar takarda tun kafin farin gashin nan nata ya fito, ka ɗaure bakin da zare, ta ɗauki bununin kanta. Ka makara da kwana ɗaya, aikin banza ka yi. Ka ɗaure da ƙarfi ta ruɓe, ka sassauta iska ta tafi da hular. Da sanyin safiya muke shiga, raɓa ta jiƙa mu sharkaf, ganye ya yi ta yankar hannu, ƙaiƙayi kuwa sai ya bi ka har gida. Masu tafiya kasuwar Kurfi sukan tsayar da jakunansu a bakin waya su yi ta dariya, wai gwamnati ta rasa abin yi ta koma ɗinka wa gero hula. Damina uku muna wannan, geron yana ƙara gajarta yana ƙara ramewa, amma kowane tsiro ya zama kamar an zana shi daga ɗan'uwansa. Manoman da ke zuwa neman irin gwamnati, da sun ga wannan ɗan tsugul ɗin sai su yi mana sannu da aiki su juya.

Wata rana da azahar a ƙarƙashin gawon nan Dokta ya zaunar da ni ya gaya mini abin da yake nema. Ya ce fari yana yi wa gero tankaɗe: marar ƙarfi ya mutu bai bar iri ba, mai jurewa ya rage, in aka daɗe ana haka sai irin ƙasa gaba ɗaya ya sauya kama. Ya ce wannan duk masana sun yarda da shi, ba gero kaɗai ba, haka kowace halitta take. Amma shi a shekarar fari ya zaga gonaki ya ga wani abu da ya hana shi sukuni. Yana zaton uwar da ta sha ƙishirwa ta rayu tana barin wata alama a cikin ƙwayarta, ba tare da irin ya sauya ba, kamar gargaɗi ga 'ya'yanta cewa su yi sauri, ruwa ba shi da tabbas. Hanyar ganewa ɗaya ce: a samu dangi guda marar gauraye, a raba shi biyu, a shayar da rabi a hana rabi, sannan a shuka 'ya'yansu gefe da gefe a ga ko za su bambanta. Ya ce abokan aikinsa suna yi masa dariya a kan wannan, suna cewa ya koma tatsuniya. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane sarai. Gaskiyar magana, abin da na gane shi ne Dokta yana neman iri mai kyau, kamar kowa.

Ba don son surutu yake wannan ba. Yana da wani littafin da yake tara lissafin ruwan sama na shekaru, yana cewa damina tana ja da baya, kuma farin da muka gani ba shi ne na ƙarshe ba. Ranar kasuwar Kurfi yakan bi rumfuna yana roƙon manoma kada su sare 'ya'yan gawo in suna sharar gona, yana sayen zangarniya ɗaya-ɗaya yana tambayar daga wace gona take, jigawa ce ko fadama. Wasu su amsa masa, wasu su ɗauka jami'in haraji ne su ce ba su sani ba.

To, ni kuma ɗan manomi ne, kuma a gidanmu zaɓen iri ba abin wasa ba ne. In an yi girbi, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, Baba, mahaifina, yakan zaga tarin shi kaɗai, ya ɗaga zangarniya ya auna nauyinta a hannu, ya murza da babban yatsa ya ga ko ƙwayar ta cika ta matse. Doguwa mai ƙiba ita ce ta iri. Ya ɗaure su daban, ya rataye a can ƙololuwar rumbu, ba mai taɓawa, ko baƙo aka yi ba a sauke damin iri. Ƙanana da masu giɓi kuwa na kaji ne da zabi. Tun ban kai tsawon turmi ba nake ganin haka, ya shiga jinina yadda ba na ma sanin yana nan.

Da rani ya kama, muka yi abin da ya sa mutane suka tabbatar Likitan Gero ya taɓu: muka shuka gero ba ruwan sama. Fili biyu ne, kunya ɗaya ta raba su. Na gabas muna ba shi ruwa da garwa safe da yamma har ya ƙoshi. Na yamma kuwa da ya kai gwiwa muka rage masa, sai ya lanƙwashe ya yi kamar zai mutu sannan a ba shi ɗan abin da zai riƙe rai. An ɗauko leburori huɗu saboda jan ruwa. Ni ke riƙe da littafi, ni ke sa hula. Ganin geron yamma yana naɗe ganye da tsakar rana, ga rijiya kusa, ga garwa a hannuna, wallahi ba ƙaramin dauriya na yi ba.

Lokacin yanka ya zo daidai da wani taro da aka kira Dokta a Ibadan. Ya bar mini umarni gajere: in yanke na gabas in sussuke in zuba a garwa ɗaya, in yanke na yamma in zuba a wata, in rubuta wa kowace sunanta. Na gama da na gabas lafiya lau. Da na shiga na yamma na fara cire huluna, sai na ga abin takaici. Zangarniyoyi kamar yatsa, wasu rabinsu fanko, ƙwayar kamar yashi. Ina tsaye ina juya su sai ga Baba ya biyo hanya zai je Kurfi, ya leƙo ya ga aikin ɗansa.

Ya ɗauki ɗaya ya murza, ya dube ni. Ya ce, "Haruna, wanga abu za ka aje iri? Ko zabina sai sun yi shawara kahin su ci."

Na ce, "Baba, haka ya ce. Na kowane ɓangare a aje shi daban."

Ya ce, "Ya ce ka yanko na ɓangaren, bai ce ka yanko marasa kirki ba. Ga masu kyau can bakin kunya, su ma ai na yamma ne. Mutumin nan ya yarda da kai ya bar maka wuri. In ya dawo ya iske ka tara mashi shara, cewa zai yi ba ka tashi gidan noma ba."

Na duba, gaskiya ne. Layi biyu na bakin kunya sun yi kyau, zangarniyarsu ta cika. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, alhali dalilin yana ƙarƙashin ƙafata: ruwan da muke kwarara wa na gabas yana ratsa kunyar ta ƙasa, waɗannan layukan suna sha a ɓoye. Na yanke su na sussuke na zuba a garwa, na rubuta da fensir, da kyakkyawan rubutu, cewa waɗannan su ne suka sha ƙishirwa. Ƙananan kuwa Baba ya ƙulle su a buhu ya ɗora a kan jakinsa. Da Dokta ya dawo ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu ya ce bai zaci za ta yi ƙiba haka ba. Na ɗauka yabo ne, har na yi murmushi.

Damina ta sauka muka shuka 'ya'yan garwa biyun gefe da gefe. Aikina kullum shi ne in bi layi in rubuta ranar da kowane tsiro ya fitar da kai. Suka tashi tare, suka yi tsawo tare, suka fitar da kai a mako guda, ba wanda ya riga wani. Wata safiya na tarar da Dokta a tsugune tsakanin layuka, littafin a kan gwiwarsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ka gani, Malam Haruna? Uwayen waɗannan sun sha wuya har sun kusa mutuwa, amma 'ya'yan ba su san an yi ba. Ashe abokan aikina suna da gaskiya." A nan ne maganar da ya yi mini a ƙarƙashin gawo ta shiga kunnena, bayan shekara da shekaru. Uwayen waɗannan ba su sha wata wuya ba. Waɗanda suka sha wuyar suna cikin zabin Baba. Wata uku na yi ina ɗauke da wannan abu, ina gaishe shi kullum da safe, ban faɗa ba. Tsoron kora ne, da tsoron idonsa.

Bayan girbi aka kira babban taron masu binciken noma a Zariya, ya ce in raka shi in riƙe masa allon da muka manne zangarniyoyi a jiki. Shi ke tuƙa motar ofis. Muka tsaya a Malumfashi muka sayi koko da ƙosai, muka zauna a kan benci. Yana sha yana gaya mini abin da zai faɗa: cewa ya yi shekara shida yana bin wani zato, ya gwada, ya ga ba haka ba ne, don kada wani ya sake ɓata lokacinsa. Ya ce, "Ba abin kunya ba ne. Kuma zan gaya musu su yarda da lissafin, don hannun da ya yi aikin ba ya kuskure."

Na ajiye kofin na ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da ban gaya maka ba." Na faɗa masa duka, ban rage ba, ban kuma jingina wa Baba ba.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Layi nawa daga kunya?"

Na ce, "Na farko da na biyu."

"Sauran fa?"

"Zabi sun cinye."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Me ya sa sai yau?"

Na ce, "Tsoro."

Ya ce, "Da ka bari sai gobe, da na tsaya gaban mutane na faɗi abin da ba gaskiya ba ban sani ba, su rubuta su ajiye, wani ya karanta ya fasa gwadawa har abada. Shanye kokonka mu tafi."

Zauren taron babba ne, fankoki suna juyawa, manyan masana sun cika kujeru, kowa da tarin takardu. Kowa ya tashi sai a kashe fitila a haska hotunan gonarsa a bango, a yi masa tambayoyi, a tafa. Da aka kira Dokta ya tashi hannu rabbana, takardar da ya shirya tana cikin jaka. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na fahimci abin da ya ce: ba shi da sakamako, ruwa ya ratsa daga fili zuwa fili, gwajin ya lalace, kuma laifinsa ne da bai bar tazara tsakaninsu ba. Bai ambaci sunana ba, bai ambaci zabi ba. Wani babba daga hedikwata ya tambaye shi shekara nawa ke nan. Ya ce shida. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a bayansa rungume da allon da ba wanda ya nemi gani, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bai kore ni ba. Abin da ya yi shi ne ya sa na sake zana filin da hannuna, taku goma tsakanin gabas da yamma, kuma daga ranar layin gefe ba ya shiga lissafi ko ya fi kowa kyau. Amma hedikwata ta soke aikin rani, ta janye leburori. Rani biyu suka wuce ba mu shuka komai ba, sai dai da damina mu sa hula don kada dangin ya ɓace. A na uku Dokta ya ce mu yi da kanmu. In an tashi daga aiki da la'asar sai ya naɗe hannun riga, shi da guga ni da garwa. Mutumin da ya yi karatu har ƙasar waje, tafinsa ya yi kanta kamar na kowane manomi. Rijiyar ta ƙafe kafin gero ya fitar da kai, filin biyu duka suka zama na ƙishirwa, aikin ya sake tafiya. A na huɗu wani manomi daga Makera, Malam Ɗangoje, wanda ya iya haƙar rijiya, ya zo da 'yan'uwansa suka ƙara mata zurfi, wai saboda Likita ya taɓa kai matarsa asibiti da mota. Wannan karon ya yiwu. Ranar yanka Dokta ya miƙo mini wuƙa ya koma can gindin gawo ya zauna ya juya baya. Na shiga tsakiyar filin yamma na yanko ƙananan nan masu kama da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Da na ba Baba labari ya girgiza kai ya ce, "Ashe akwai mai neman marar kyau da gangan. Allah ya ba shi."

Daminar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarar nan ta shekarun tamanin, wadda duk wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Ruwa ya makara, ya zo aka shuka, ya ɗauke shuka ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Wasu sau uku suka shuka. Ma'aunin ruwanmu sai ka leƙa ka tarar da gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Shanu suka zube, magidanta suka kama hanyar kudu neman abin kai wa baki, a gidaje da yawa aka sauke damin iri daga ƙololuwar rumbu aka daka. Mu mun yi sa'a shukarmu ta biyu ta kama. Ba mu ba ta ruwa ba, don Dokta ya ce Allah ya kawo gwajin da ya fi namu.

Ina bin layi da fensir kamar kullum, sai na ga 'ya'yan masu ƙishirwa sun fara fitar da kai, 'ya'yan na gabas kuwa shiru. Kwana ɗaya, biyu, har kusan mako. Suka samu ruwan ƙarshe da aka yi suka ɗan cika, 'yan'uwansu suka fito bayan sama ta rufe, rabinsu fanko. Na kai wa Dokta littafin ina haki. Ya bi lambobin da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Ya ce, "Damina ɗaya ba shaida ba ce, Malam Haruna. Watakila ƙasar gefen nan ta fi riƙe laima. Sai mun maimaita sau biyu, mu sauya musu wuri, sannan in buɗe baki." Haka ya faɗa, amma sai da ya sake bin lambobin karo na uku.

Ba mu samu damina biyun ba. Kafin rani ya ƙare takarda ta zo cewa an rufe ƙananan gonakin gwaji, namu yana ciki, an mayar da Dokta wani ofis a ƙasar doya, ni kuma aka tura ni sashen rabon taki. Muna cikin ɗaure kaya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Malam Ɗangoje da magidanta kamar goma sha biyu daga Makera. Suka tsuguna a bakin waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Likita, ruwa ya kusa, mu kau mun cinye iri. Mun ji an ce za ka tahi. In akwai abin da ya rage, a taimaka muna."

Abin da ya rage garwa biyu ne, girbin mummunar shekarar, kowace da sunanta a jiki. Dokta ya ɗebi cikin ambulan ɗaya daga kowace ya sa a aljihu, sannan ya ce in shimfiɗa tabarma. Na gane abin da zai yi, na matsa kusa da shi na ce, "Ranka ya daɗe, kada a haɗa. A ba wasu wannan, a ba wasu wancan, in rubuta sunan kowa. Ina da keke, zan zaga gonakinsu in ƙirga maka kwanakin in aiko maka."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "To, wa za ka ba wanda muke zaton zai makara? Ga su nan. Zaɓa mini mutum ɗaya."

Na juya na dube su. Duk na san su, na san gidajensu, na san wanda ya binne yaro a wannan shekarar. Na kasa ɗaga hannu. Dokta ya ɗauki garwar farko ya juye a kan tabarma, ya juye ta biyu a kanta, ya sa hannu biyu ya gauraya da kansa. Ya ce musu geron rarrauna ne, su haɗa shi da duk abin da suka samu, in ya auri na gonakinsu zai murmure. Na yi ta aunawa da gwangwanin madara ina zuba wa kowa a bakin rigarsa, har tabarmar ta koma fanko.

Ambulan biyun ba su yi rai ba. Bayan shekara uku ya rubuto mini cewa inda yake laima ta yi yawa, ya gwada ƙwayoyin a cikin tasa ko ɗaya bai tsiro ba. A ƙarshen takardar ya tambayi lafiyar Baba da ta zabinsa. Dokta ya rasu da daɗewa yanzu, ban ƙara ganinsa ba. Geron kuwa yana nan, a Makera ɗan Likita suke ce masa, ya gauraya da na kowa, nawa ma daga can na samo.

Bara cikin ɗaliban akwai wata yarinya mai natsuwa da ta saurari labarin har ƙarshe. Ta ce mini abin da Dokta yake zato yanzu yana da suna, ta faɗe shi da Turanci, dogo ne na kasa riƙewa. Ta ce ana karantar da su shi a aji, masana suna ta bincike a kansa, ba mai dariya kuma. Na yi murna, na kuma ji takaici. Da muka tashi muka shiga cikin gona, sai ta tsaya a gaban wani tsiro da ya riga duk na kusa da shi fitar da kai. Ta taɓa zangarniyar ta ce, "Baba, wannan jikar masu ƙishirwar ce?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Wanda zai iya gaya miki damina biyu kawai ya nema, ni kuma na cinye masa shekara huɗu."